Jiminar Zacharias

Duk wanda ya saba bin hanyar Nyanya zuwa Karshi ya taɓa ganin aikin Zacharias, ko da bai san sunansa ba. Shi ya zana kifin nan mai dariya a ƙofar wani gidan abinci a Jikwoyi, shi ya rubuta allunan makarantun kuɗi da yawa a unguwar, kuma in ka ga Keke Napep an rubuta mata wa'azi a baya babu kuskuren harafi ko ɗaya, to daga hannunsa ta fito. Mutumin Uke ne, ɗan wani mai wa'azi a coci. Gajere ne, siriri, ba ya iya zama wuri ɗaya. Ko shayi aka ba shi a tsaye yake sha.

Ni sunana Rekiya, shagona yana jikin nasa a nan Jikwoyi. Ina buga takardu da katin biki da manyan tallace-tallace a kan leda, wato ina cikin waɗanda suka kashe masa kasuwa, don tun da injina ya zo mutane suka rage neman mai burushi. Bai taɓa riƙe ni da wannan ba. Yakan leƙo ya kalli abin da injin ya fitar, ya taɓe baki ya ce, "Madam, wannan kala ba zai kai damina biyu ba." Kuma ba ta kaiwa ɗin. Shekara da shekaru ina gyara masa Hausa, ina cewa ni mace ce, a ce mini "kin" ba "ka" ba, har na gaji na bar shi da halinsa.

Ya shigo Abuja yana saurayi da jaka ɗaya. Ya yi acaɓa har aka hana su shiga cikin gari, sannan ya koma wajen wani tsoho a Mararaba ya koyi rubutun allo. A nan ya haɗu da Christina, malamar firamare, mace mai haƙuri da ƙaramar murya, suka yi aure suka haifi 'ya ɗaya, Marvel. Daga nan kowa a layinmu ya koma kiransa Baban Marvel. Ba ya shan giya, ba ya kallon ƙwallo, ba shi da majalisa. Mutum ne wanda in ka ba shi aiki ya ce gobe, to gobe ɗin ce, kuma yana ɗauka kowa ma haka yake. Wannan ne kawai wautarsa.

Tawfiq ne ya kawo mana wasan. Ɗan Kano ne, ma'aikaci a wata hukumar gwamnatin tarayya, mai fara'a, mai son mutane, irin wanda zai tsaya ya gaisa da mai gadi da sunansa. An tura shi kwas ƙasar waje ya dawo da wani kwali cike da ƙananan mutum-mutumi na roba, duk launin toka, babu wanda ya wuce babban yatsa. Yana neman wanda zai yi musu fenti aka nuna masa Zacharias.

Ina tsaye a wurin ya yi masa bayani. Wasan yaƙi ne da ake yi a kan tebur. Labarinsa wai a can gaba ne, zamanin da mutane suka watsu a cikin taurari, ba sa yaƙi da tankoki sai da wasu manyan injuna masu ƙafafu biyu, tsayinsu ya kai bene, mutum ɗaya yana zaune a ciki yana tuƙawa. Kowane ɗan wasa yana da injinsa. Ana auna tafiyarsa da tef, in zai yi harbi a jefa 'ya'yan ludo a ga ko ya samu. Sunayensu na Turanci sun yi mana tsawo, muka sa musu Samudawa.

Da Zacharias ya gama fentin, Tawfiq ya sha mamaki, don har tsatsa ya zana musu a gwiwa da ƙura a tafin ƙafa. Ya ce masa, "Baban Marvel, zaɓi ɗaya. Naka ne."

Akwai manya a cikinsu, masu faɗin ƙirji da bindigogi a kafaɗa. Zacharias ya wuce su duka ya ɗauko mafi ƙanƙanta, mai dogayen ƙafafu sirara da ɗan ƙaramin jiki, bindigarta ɗaya kamar tsinke.

Tawfiq ya yi dariya. "Wannan ai ba ta da sulke ko kaɗan. Harbi ɗaya mai kyau, shi ke nan. Gudu kawai ta iya."

"Shi nake so," in ji Zacharias. "Na yi acaɓa, na san gudu."

Ni na sa mata suna Jimina, saboda ƙafafun.

A bayan shagona akwai ɗakin da nake ajiye takarda, a nan muka kafa tebur. Zacharias ya sassaƙa duwatsu da soson da ake tare firji da shi a kwali, ya yi benaye da kwalayen magani, ya yi kogi da shuɗiyar leda. Duk Asabar bayan azahar ake haɗuwa. Mutane sun zo sun tafi, amma waɗanda suka ɗore su ne Tawfiq da Zacharias da Nuraddeen, wani akawu mai yawan ƙorafi wanda bai taɓa yarda cewa shi ya yi kuskure ba, kullum 'ya'yan ludo ne suka cuce shi. Ni kuwa aka ba ni alƙalanci, don ni kaɗai na zauna na karanta littafin dokokin daga farko har ƙarshe, kuma ni kaɗai ce duk suke tsoron bakina.

Akwai doka ɗaya da ba ta cikin littafin, Tawfiq ne ya kawo ta da bakinsa. Ya ce yaƙin da babu asara a cikinsa ludo ne kawai. Saboda haka duk injin da aka ragargaza a kan teburin nan ya zama ganima, wanda ya kashe shi zai sa shi a aljihu ya tafi da shi gida. Muka amince. Dokar ta sa wasan ya yi daɗi, ta kuma sa manyan mutane masu iyali suna zufa a kan abin da bai kai yatsa ba. Nuraddeen ya rasa injuna har na daina tausaya masa. Tawfiq ma ya rasa, ya ƙwato, ya sake rasawa. Jimina kaɗai ce ba ta taɓa barin hannun mai ita ba.

Ba don ƙarfinta ba ne. Aikin irinta shi ne ta ruga cikin abokan gaba, ta zagaya bayan babban injinsu, ta haska shi da wata fitila da take ɗauke da ita. Da zarar ta haska, abokin wasanta da ke can baya a ɓoye zai iya sakin rokokinsa su faɗo daidai wurin, ko da shi ba ya ganin komai. In rokokin sun zo, babban inji ya faɗi, Jimina ta wuce abinta. In ba su zo ba, tana nan tsaye tsirara a gaban wanda ya fi ta nauyi sau huɗu, kuma shi ke da harbi na gaba. Ranta gaba ɗaya yana hannun na bayanta.

Na bayanta kuwa kullum Tawfiq ne, da wani jibgegen inji mai tafiyar hawainiya da muke kira Ɓauna. Ba a yin shawara da baki a teburinmu, don abokin gaba yana zaune yana ji. Sai suka yi wa kansu alama. Zacharias zai ɗago ido ya dubi Tawfiq. In Tawfiq ya ƙwanƙwasa tebur da ɗan ludo, ma'anarsa je ka, ina bayanka. In bai ƙwanƙwasa ba, Jimina ta tsaya a inda take. Kowa ya san alamar, amma sanin bai taɓa ceton kowa ba. Da ka ji wannan ƙwas ɗin, sai ka fara yi wa injinka addu'a.

Abin bai tsaya a tebur ba. Lokacin da Tawfiq ya tashi aure, Zacharias ya rufe shago ya je ya yi masa fentin gida da hannunsa. Da Marvel ta kwanta asibiti, Tawfiq ne ya yi ta zirga-zirga da motarsa. Da layya cinyar rago tana zuwa Jikwoyi, da Kirsimeti kular shinkafa tana tafiya gidan Tawfiq a Karu. Zacharias ba ya ce wa kowa ɗan'uwa, amma na sha jin yana cewa, "Tawfiq broda na ne." Ni kaina da nake zargin kowa a garin nan, na yarda da wannan zumuncin.

Sai shekarar ƙarin girma ta zo a hukumar su Tawfiq. Ya daɗe a mataki ɗaya, 'yan bayansa sun wuce shi, ana kuma raɗe-raɗin cewa wanda bai samu ba a wannan karon za a iya cilla shi wani ofishin jiha mai nisa. Ga mata, ga yara sun fara makaranta. Ya rame, fara'ar ta ragu. Duk wannan na sani, kuma ina faɗa ne don kada a ce na ɓoye uzurinsa. Takardarsa tana jiran sa hannun mutum ɗaya, Darakta Abdulmajeed.

Wata rana Tawfiq ya shigo mana da murna. Ya shiga ofishin Darakta kai fayil, sai ya hango Basamude ɗaya a kan kantar littattafai, tsoho, na dalma. Ashe Daraktan ya yi wasan nan tun yana ɗalibi a Ingila, ya dawo ya rasa abokin yi, ya haƙura. Hira ta ɓarke tsakaninsu, kuma ga shi ya ce zai zo Jikwoyi ranar Asabar.

Na ce, "Tawfiq, a kawo ofis cikin ɗakin nan?"

Ya ce, "Haba Anti Rekiya, mutumin kirki ne. Very simple man."

Gaskiya ya faɗa, kuma wannan ne ya fi ba ni haushi har yau. Na so a ce mugu ne. Dattijo ne mai furfura, ya bar direbansa a bakin titi ya tako da ƙafa, ya cire hula ya ajiye, ya tsuguna yana kallon duwatsun soso kamar yaro a shagon alewa. Ya fito da injinsa daga cikin akwatin tabarau, ja ne wanda ya koɗe, mai nauyi a hannu. Nan take Nuraddeen ya sa masa Toron Giwa.

Na yi masa bayanin dokar ganima, na ƙara da cewa baƙo ba dole ya shiga ba.

Ya ce, "A'a, Hajiya. Doka doka ce. In an kashe shi a ɗauka."

Tawfiq ya yi gyaran murya. "Yallaɓai, ko in zauna a ɓangarenka yau, Nuraddeen ya koma wajen Baban Marvel?"

"Ina! Kai ka cika mini kunne da labarin ku biyu. Ku nake so in kara da su. Kuma kada wanda ya raga mini."

Aka fara. Daraktan ya san wasa, amma hannunsa ya kwana biyu, kuma yana da halin manya, ya saba in ya taho a ba shi hanya. Kafin la'asar an karya wa injin Nuraddeen ƙafa da bindiga, yana can gefen tebur yana ɗingishi, ba ya iya cutar da ko ƙuda. Shi kuwa Toron Giwa ya kutso tsakiyar fili har bakin kogi, ya sha harbi a gaba, bayansa a buɗe. Ɓauna tana bayan dutse da rokokinta cike. Duk wanda ya taɓa zama a teburin nan ya san abin da ya rage.

Zacharias ya ɗago ido ya dubi Tawfiq.

Na ga Tawfiq ya dubi Toron Giwa, ya dubi mai shi. Na san lissafin da yake yi, don a fuskarsa yake. In rokokin nan suka sauka, injin da Darakta ya adana tun yana saurayi zai zama ganima, kuma shi Tawfiq ne zai miƙa hannu ya ɗauka ya sa a aljihu, sannan ranar Litinin ya shiga ofis ya ce ina kwana Yallaɓai. Na ce a raina, to kar ka ƙwanƙwasa. Ka yi shiru kawai, Jimina ta zauna, wasa ya tafi yadda zai tafi, ba wanda zai ce ka yi laifi.

Ƙwas.

Zacharias ya yi murmushi ya ja tef. Jimina ta fito daga bayan bene, ta tsallake kogi, ta bi ta gefen dutse, ta tsaya daidai bayan Toron Giwa. Ya jefa 'ya'yan ludo, fitila ta kama. Nuraddeen ya dafe kai ya ce, "Shi ke nan, Yallaɓai, sai haƙuri." Daraktan ya yi dariya yana girgiza kai, har ya fara tura kujerarsa baya.

Na ce, "Ɓauna, harbinki."

Tawfiq ya daɗe yana kaɗa 'ya'yan ludo a tafin hannu. Bai dubi kowa ba ya ce, "Zan harbi na Nuraddeen."

"Ni?" in ji Nuraddeen. "Ni da ko bindiga ba ni da ita?"

Na ce, "Tawfiq, ban ji ka da kyau ba. Jimina ta haska Toron Giwa. Wa za ka harba?"

"Na Nuraddeen. Yana iya zagayowa ta baya."

"Da wace ƙafar?"

Sai kawai ya saki 'ya'yan ludo. A teburinmu in sun bar hannu magana ta ƙare. Rokokin da suka isa su rushe bene suka tafi can gefe suka faɗa kan gurgun inji.

Na dubi Zacharias. Hannunsa yana nan a gefen tebur riƙe da tef, murmushin bai gama barin fuskarsa ba. Daraktan ya jawo kujerarsa, ya juya Toron Giwa, ya saki duk abin da yake da shi. Ba a ma buƙaci rabinsa ba. Ni ce alƙaliya, ni na faɗi sakamakon. Al'adarmu ce mai inji shi ke kwantar da injinsa da kansa in an kashe shi. Zacharias ya sa yatsa ɗaya ya kwantar da Jimina a gefenta, sannan ya ɗauke ta ya miƙa wa Darakta da hannu biyu.

Dattijon ya karɓa yana jujjuya ta a gaban tagar. "Kai, wannan 'yar ƙaramar ta kusa gamawa da ni! Dubi aiki don Allah. Tawfiq, ka tafka kuskure a nan fa. Da ni ka harba, da yanzu ina kuka."

Tawfiq ya yi dariya, irin dariyar da ake yi a ofis. "Ƙwarewa ce, Yallaɓai. Ka rikita ni ne."

Na tabbata har ga Allah mutumin bai gane ba. Wanda ya shekara ashirin ana bari ya ci, ina zai san an bar masa? Hausawa sun ce ba a mugun sarki sai mugun bafade, ranar na gani da idona. Ya naɗe Jimina a hankici, ya yi mana godiya ɗaya bayan ɗaya, Tawfiq ya ɗaukar masa akwatin tabarau ya raka shi mota. Nuraddeen, wanda bai taɓa barin wuri ba tare da ƙorafi ba, ya sa takalmi ya fice shiru.

Da Tawfiq ya dawo, Zacharias yana tattara duwatsun soso yana jerawa a kwali.

"Baban Marvel, ka fahimce ni mana. You know my situation."

Zacharias ya ci gaba da jera duwatsunsa.

"Wasa ne fa. Roba ce. Wallahi zan yi maka odar wata, irinta sak, sabuwa fil."

Zacharias ya ajiye dutsen da ke hannunsa. "Ka buga tebur."

"Na sani, amma..."

"In ba ka buga ba, ba zan je ba. Zan tsaya. Oga zai ci wasa, kowa zai tafi gida. Me ya sa ka buga?"

Ni ma amsar da nake jira ke nan. Tawfiq ya shafa ƙeya, ya dubi ƙofa, sannan ya faɗi abin da na tabbata bai yi niyyar faɗa ba.

"Mutumin ya taso tun daga Maitama, ya sha go-slow ɗin Nyanya. Ai bai kamata ya koma hannu rabbana ba."

Wato ba tsoro ne ya kama shi a ƙarshe ba. Tun kafin ya ƙwanƙwasa ya riga ya yanke. Yana neman tsarabar da zai ba ogansa, ya duba teburin, ya ga babu abin da ya kai Jimina kyau, ya kira ta ta fito fili da alamar da ta saba amincewa da ita. Na ji kamar in kife teburin a kansa. Na ce masa ya fita mini daga shago, kuma na faɗa da kalmomin da ba zan rubuta a nan ba.

Zacharias bai sake shiga ɗakin baya ba. Yana buɗe shagonsa da safe, yana aikinsa, yana gaishe ni. Amma ya daina leƙowa ya zagi kalar injina, kuma na fara ganinsa yana shan shayi a zaune. Christina ta tsaya wajena wata rana a hanyarta ta dawowa daga makaranta. Ta ce, "Anti, da ina masa dariya, ina cewa babba da kayan wasan yara. Yanzu ni nake roƙonsa ya je ya yi wasan. Ya ce da wa?" Na ba ta ruwa ta sha ta tafi.

Ƙarin girman ya fito, sunan Tawfiq yana ciki. Ko Jimina ce ta sa, ko dama zai samu, Allah kaɗai ya sani, kuma ina zaton shi ma tambayar za ta bi shi.

Bayan 'yan makonni, wata Laraba da hantsi, sai ga motarsa ta tsaya a ƙofar shagon Zacharias. Ya fito da sabuwar shadda, hannunsa riƙe da hankicin nan. Na bar kwastoma a tsaye na fito. Zacharias yana kan benci yana rubuta allon wani coci. Da ya ga hankicin ya miƙe, ya goge hannu a wando, kuma na ga fuskarsa ta buɗe yadda ban gan ta ba tun ranar. Ni ma zuciyata ta yi sanyi. Na ce ashe dai yaron nan yana da sauran kunya, ya je ya faɗa wa ogansa gaskiya.

Tawfiq ya warware hankicin. Jimina ce, ba abin da ya same ta.

"Baban Marvel, oga ne ya aiko ni. Yana gaishe ka sosai. Yana so ya ajiye ta a ofis kusa da Toron Giwa, to kalar ba ta dace ba. Ya ce a mayar da ita ja, irin nasa. Ya ce kuma ba wanda zai taɓa ta sai wanda ya yi ta tun farko."

Na ce, "Kai, Tawfiq! Kai ko kunyar Allah ba ka ji? Duk masu fentin da ke Abuja..."

"Anti, shi ya ambaci sunansa. Ya zan yi? In ce masa a'a?"

"E! Ka ce masa a'a! Sau ɗaya a rayuwarka ka gwada, ka ga ko za ka mutu!"

"Madam, bar shi," in ji Zacharias. Ya miƙa hannu. "Kawo."

Ya ɗauko gwangwanin madara, ya zuba ruwan da yake jiƙa burushi a ciki, ya saka ta. Ya ce wa Tawfiq ya dawo jibi, ya faɗa masa kamar yadda yake faɗa wa duk mai kawo allo. Tawfiq ya tsaya kamar zai ƙara magana, ya ga ba wanda ke kallonsa, ya shiga mota.

Da yamma na dawo na same shi ya fito da ita yana gogewa da tsohon burushin haƙori. Sai a lokacin na san ba fenti ɗaya ne a jikinta ba. Ruwan ƙasa na sama ya fita, kore ya bayyana a ƙarƙashinsa, na shekarar da muka yi yaƙin daji. Ƙarƙashin koren akwai fari, na lokacin da Nuraddeen ya nace sai an yi yaƙi a duniyar ƙanƙara. Duk ya bi su ya kankare, a hankali, har cikin lungun gwiwa, ruwan gwangwanin ya koma baƙi. Ta fito launin toka kamar ranar da aka fito da ita daga kwali.

Washegari ya yi mata jan. Na zauna ina kallo, ina jira in ga inda zai rama. Ɗigo ɗaya ya isa, ko ya bar ƙura ta hau kafin ta bushe, ko ya karkata layi. Da ni ce, wallahi sai na yi mata fentin da in Darakta ya gani zai jefa ta kwandon shara. Shi kuwa ya haɗa jan har sau uku kafin ya samu irin koɗewar Toron Giwa, daga abin da ya gani rana ɗaya. Ya bi gefunan da siririn layin zinariya. Ya sa ɗigon haske a gilashin matuƙi, ƙarami har sai ka matso za ka gan shi. Ban taɓa ganin ya yi aiki mai kyan wannan ba, kuma abin ya ƙona mini rai.

Na ce, "Baban Marvel, don me? Mutanen nan sun ci amanarka, kai kuma ka zauna kana yi musu ado?"

Ya ɗaga ta da ɗan hantsaki ya duba ƙarƙashin ƙafafun, ya hura mata iska kaɗan, ya ajiye ta a kan taga inda rana ba ta bugawa.

"Jimina bai yi mini laifi ba, Madam," ya ce. "An ce masa ya je, ya je."